Zafin Injin Mota: Yadda Ake Gano Tushen Matsalar Kafin Ta Ci Jari

LEGAS — Duk wanda ya saba bin hanyar Legas zuwa Ibadan, ko kuma ta Lakwaja zuwa Abuja, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da rana ke ƙuna, ba zai rasa cin karo da motoci a gefen titi an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota kuwa ya saɓa jarka ya tafi neman ruwa ba. Wannan matsala ta zafin inji, wadda direbobi da kanikawa suka fi sani da suna obahitin, tana cikin manyan abubuwan da ke tsayar da motocin haya da na dakon kaya a ƙasar nan.

Ga mai ƙaramar motar shiga gari, sau da yawa abin bai wuce ɓacin rai da ɓata lokaci ba. Amma ga ɗan kasuwar da ya yi lodin tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12, tafiyar kimanin kilomita 1,000, ko wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege, tsayuwar yini guda a hanya tana iya cinye riba har ta taɓa uwar kuɗi, domin tumatir ba ya jiran bakanike, dabba kuma ba ta jure ƙishi a cikin tirela.

Bugu da ƙari, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin kayayyakin gyaran mota ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni irin su Ladipo ta Legas da Nkpor da ke kusa da Anacha, kasancewar akasarin kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su. Saboda haka injin da ya buga a yau, sayen wani a madadinsa ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya kamata masu motoci su fahimta shi ne, zafin inji tamkar zazzaɓi yake a jikin mutum, wato alama ce ta wata cuta da ke ciki. Wanda ya tsaya ga ƙara ruwa kullum safiya ba tare da ya binciki inda ruwan yake tafiya ba, jinkirta ranar asara kawai yake yi.

Inda zafin yake fitowa

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona fetur ko gas a cikin silinda. Sai dai kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin da ke cikin man yake zama motsi. Wani kashi ɗayan yana fita ta salansa tare da hayaƙi, ragowar kuwa yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma wajibi ne a kwashe shi, in ba haka ba ƙarfen ya kumbura, baƙin mai ya tsinke, fistin ya cije.

Ruwa ne ke wannan aiki na kwashe zafi. Famfon ruwa, wanda fanbel ko bel ɗin tayimin ke juyawa, yana tura ruwa ta cikin ramukan da aka yi a jikin inji da kansa, wato tof silinda. Daga nan ruwan mai zafi yana bin tiyon sama ya shiga lagireto, inda yake ratsa siraran bututu, iska tana bugun su tana ɗauke zafin, sa'an nan ya dawo ta tiyon ƙasa. Idan mota na gudu, iskar hanya ta wadatar. Idan kuwa tana tsaye ko tana jan jiki, fanka ce ke jawo iskar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa guda biyu da ake rainawa alhali kuwa su ne masu tsaron wannan tsari. Na farko shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa da ke toshe hanyar lagireto idan inji yana da sanyi, ta kuma buɗe da kanta idan ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, yawanci tsakanin digiri 82 zuwa 92 a ma'aunin Salsiyos. An ƙera injunan zamani ne domin su yi aiki a zafin da ke kewayen digiri 90 zuwa 100.

Na biyu shi ne murfin lagireto. A bakin teku, kamar Legas da Fatakwal, ruwa yana tafasa a digiri 100, a Jos kuwa da ke kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, yana tafasa tun a wajen digiri 96. Murfin yana da sifirin da roba waɗanda ke danne ruwan, kuma lambar da ake gani a samansa, 0.9 ko 1.1, ita ce ma'aunin wannan danniya. Da ita ne ruwa ke iya kaiwa kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar robar ta tsage ko sifirin ya saki, sai ruwa ya tafasa da wuri ya riƙa amayarwa, ko da sauran sassan duk lafiyarsu ƙalau.

Tambayar farko: yaushe allura ke hawa?

Ƙwararren bakanike ba ya fara ɗaukar sifana sai ya tambayi direba lokacin da allurar zafi take hawa, domin amsar wannan tambaya ita ce rabin binciken.

Idan mota tana zafi ne a cikin cunkoso, kamar wanda aka saba gani a hanyar shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa ko a kan gadar Neja ta Anacha, amma da zarar hanya ta buɗe sai allura ta sauka, to, matsalar ta iska ce. A nan fanka ake tuhuma. A ƙananan motoci masu fankar lantarki, ana duba fis da rile da wayoyi da kuma na'urar da ke ba fankar umarnin tashi. A manyan motoci da a-kori-kura da yawa, fankar tana da kulocinta mai aiki da wani mai na musamman, wanda idan ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa ba ƙarfi. Haka kuma akan samu an ɗaura fanka a baibai ko an juya wayoyinta bayan wani gyara, ta koma tana tura iska waje maimakon jawowa, ko kuma an yar da kwandon robar da ke kewaye da ita, wanda shi ke tilasta wa iska ratsa lagireto.

Idan kuwa mota ba ta zafi a cikin gari, sai an ɗauki hanya ana gudu, ko an yi lodi ana hawan tudu irin Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, to, ruwan ne ba ya gudana yadda ya kamata, ko kuma lagireton ba ya iya fitar da zafin da ake samarwa. Dalilan da aka fi samu su ne toshewar bututun lagireto da tsatsa ko gishirin ruwa, da cinyewar fikafikan famfon ruwa, da sakin fanbel, da kuma tiyon ƙasa da ya yi laushi har yakan shafe idan inji ya ɗauki wuta sosai. Ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayi su ma suna cushe fuskar lagireto, musamman a tsakaninsa da ragar na'urar sanyaya ɗaki da ke gabansa, wurin da ido ba ya gani sai an leƙa da tocila.

Idan allura ta haye sama cikin 'yan mintoci da tayar da mota, alhali tiyon sama yana nan da sanyi, alama ce mai ƙarfi cewa tamostat ya cije a rufe, ko famfo ya daina tura ruwa, ko kuma babu ruwan ma gaba ɗaya. Idan kuma allurar tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba, musamman bayan an sauya ruwa ko tiyo, akwai yiwuwar iska ce ta maƙale a cikin hanyoyin ruwan, sai an fitar da ita.

Akwai kuma zafin da tushensa ba ya cikin hanyar ruwa kwata-kwata. Ƙarancin baƙin mai, da tayimin da aka saita ba daidai ba, da salansar da ta toshe, da birkin da ke kama taya, da lodin da ya wuce ƙima, duk suna sa inji ya samar da zafin da ya fi ƙarfin lagireto mai lafiya.

Binciken da ba ya buƙatar kwance inji

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da mai araha kafin a je ga mai tsada. Da safe kafin a tayar da mota, a duba yawan ruwa a lagireto da kuma a tankin robar da ke gefensa. Tsarin ruwan mota rufaffe ne, don haka motar da ke neman ƙarin ruwa kowace rana tana yoyo a wani wuri, ko a waje ko a cikin inji.

Yoyon waje yakan bar shaida: farin busasshen tabo ko mai launi a bakin tiyo, ko a mahaɗar roba da gorar ruwa ta lagireto, ko a ƙarƙashin famfon ruwa inda aka yi wani ɗan rami da ke ɗiga idan robar cikinsa ta mutu. Dardumar gaba da ta jiƙe tana nuna cewa 'yar lagireton hita da ke cikin dashbod ce ta fashe. Wasu yoyon ba sa bayyana sai ruwa ya yi zafi, shi ya sa garejin kirki ke da wani famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a cusa iska, a ga ko allurarsa za ta sauka. Da wannan famfo ake gwada murfin ma.

Gwada tamostat ba shi da wuya. Ana cire shi a saka a tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Idan ruwan ya kusa tafasa bai buɗe ba, ya mutu. Shi kuwa lagireto, bayan inji ya ɗumama an kashe shi, ana bin fuskarsa da ma'aunin zafi na hannu. Wurin da aka ji sanyi a tsakiyar zafi, nan ne bututu suka toshe. Wajibi ne a yi hattara da fankar lantarki, domin a wasu motoci takan tashi da kanta ko da an zare makulli.

Ita kanta allurar takan yi ƙarya. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wurin da ake jona na'urar bincike ta kwamfuta, wadda ke nuna ainihin zafin ruwa da lambobi. Tun da yake mafi yawan motocin tokumbo daga waɗannan wurare suke zuwa, wannan gwaji yana iya hana mai mota sayen lagireto alhali waya ce kawai ta lalace.

Alamun ƙonewar gasket

Matsalar da masu motoci suka fi tsoro ita ce ƙonewar gasket ɗin da ke tsakanin tof silinda da gangar jikin inji. Wannan shimfiɗa ita ce ke raba wuta da ruwa da baƙin mai. Kan injunan zamani na gorar ruwa ne, wanda ba ya jure zafi kamar baƙin ƙarfe, kuma zafi mai tsanani na 'yan mintoci ya isa ya lanƙwasa shi.

Alamun sun haɗa da farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, da baƙin mai da ya koma kalar shayi mai madara, da kumfa da ke ta ɓulɓulowa a bakin lagireto, da tiyon sama da ke yin tauri jim kaɗan da tayar da inji mai sanyi, da kuma ruwa da ke ƙarewa ba a ga inda ya zuba ba. Akwai wani ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke sauya launi idan hayaƙin inji yana shiga cikin ruwa. Ya kamata mai mota ya nemi a yi wannan gwaji, ko na matsin silinda, kafin ya amince a kwance masa inji.

Wani abin lura shi ne, sau da yawa ƙonewar gasket sakamako ce ta zafin da wani abu daban ya haddasa. Idan aka sauya gasket ba a kai tof silinda wurin masu injin gyaran ƙarfe sun auna shi ba, ba a kuma gano abin da ya jawo zafin tun farko ba, sabon gasket ɗin ma zai bi sahun tsohon.

Dabarun da ke ɓoye cuta

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejin ƙasar nan, wato cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin kamfanonin ƙera motoci suna sa shi har a motocin da suke sayarwa a ƙasashe masu zafi. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, kuma muddin kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara masa mai. Sakamakon shi ne shan fetur fiye da ƙima, da taruwar baƙin toka, da saurin cinyewar ringi. Har ila yau, a injuna da dama tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. Idan aka cire shi, hanyar tana nan a buɗe, sai motar ta ƙara zafi lokacin da aka yi mata lodi.

Haka abin yake ga jona fanka kai tsaye domin ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan yana iya fitar da direba daga daji, amma idan aka bar shi haka yana gajiyar da fankar da batir, yana kuma rufe ainihin lalacewar. Zuba ɗanyen ƙwai ko garin barkono ko sabulu a lagireto domin toshe yoyo kuwa, yakan toshe har da bututun da ke da lafiya.

Ruwan rijiya da ruwan kanti

Direbobi da yawa suna ganin sayen ruwan lagireto mai launi almubazzaranci ne, tun da ƙanƙara ba ta daskarar da ruwa a Nijeriya. Gaskiya ne cewa tsurar ruwa yana ɗaukar zafi sosai. Amma ruwan kanti yana ɗauke da sinadaran da ke hana tsatsa da cinyewar ƙarfe, yana kuma ƙara jinkirta tafasa. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari, to irinsa ne ke taruwa a cikin bututun lagireto, waɗanda faɗinsu bai kai na tsinken tsintsiya biyu ba. A manyan injunan gas kuwa, rashin waɗannan sinadarai yana sa ruwa ya riƙa cin jikin silinda har ya huda shi.

Abin da aka saba shi ne a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, sai dai in an sayo wanda aka riga aka gauraya. Tsohon samfuri ana sauya shi bayan kimanin shekara 2, masu dogon zango kuwa sukan kai shekara 5. Launi kaɗai ba ya nuna iri, saboda haka littafin motar ne abin bi. Ya kamata kuma a sani cewa wannan ruwa guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi, kada kuma a zuba shi a gorar lemo.

Idan abin ya faru a kan hanya

Da zarar allura ta doshi ja, abin da ya dace direba ya yi shi ne ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya kunna hita har ƙarshe domin ta ɗebe wani ɓangare na zafin, sa'an nan ya nemi wuri mai aminci ya tsaya, ya kashe inji, ya ajiye alamar gargaɗi a bayan mota kamar yadda dokar hanya ta tanada. Idan hitar tana busa iska mai sanyi alhali inji na ƙuna, ko allura ta faɗo ƙasa farat ɗaya ana kuma jin ƙauri, to ruwa ya ƙare, kuma kowane kilomita da aka ƙara yana iya zama ajalin injin.

Kada a buɗe murfin lagireto sai an jira aƙalla minti 30, domin ruwan da ke danne yana iya feshowa ya ƙona fuska da hannu. Ko bayan an jira, a sa tsumma mai kauri a murɗa a hankali. Haka nan kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi ko a cikinsa, saboda sauyin zafi na gaggawa yana tsaga ƙarfe.

Lissafin mai mota

Ga 'yan kasuwa masu motocin haya ko na dakon kaya, babbar asara takan samo asali ne daga yadda ake tafiyar da direbobi. Direban da aka ɗora wa ƙa'idar isa kasuwa kafin asuba, ko wanda ya san za a cire masa kuɗin gyara daga albashinsa, zai gwammace ya ci gaba da tafiya yana ƙara ruwa har injin ya buga. Ya fi alheri mai mota ya ba direbansa tabbacin cewa tsayawa saboda zafin inji ba laifi ba ne, ya kuma tanadi littafi a kowace mota da za a riƙa rubuta ranar da aka ƙara ruwa da yawansa, da ranar da aka sauya tiyo ko fanbel ko murfi.

Kamar yadda Hausawa kan ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yi lodi, ya kamata a duba ruwa da baƙin mai da fanbel da tiyo, a wanke fuskar lagireto da ruwa marar ƙarfi, a kuma riƙe murfi da fanbel da tiyo na ko-ta-kwana a cikin mota. Idan za a sauya bel ɗin tayimin a motar da shi ke juya famfon ruwa, ya fi sauƙi a sauya su tare, tun da kuɗin aiki ɗaya ne. Wajen sayen kaya kuma a kula da jabu, domin murfi ko tamostat na bogi ba ya riƙe ma'aunin da aka rubuta a jikinsa.

Murfin lagireto da tamostat da tiyo suna cikin mafi arahar kayan da ke jikin mota, inji kuwa shi ne mafi tsada. Ɗan kasuwar da ya sa ido a kan waɗannan ƙananan kaya, ya kuma nace sai bakanike ya nuna masa dalilin zafin kafin a fara kwance-kwance, shi ne zai fi samun motarsa a kan hanya lokacin da kasuwa ke ci.